Sanƙarau a jaririn da ciwo ya kama bayan kwana uku: dole ne sai an ɗebi ruwan baya?

Sistar Ɗakin Jarirai:

Assalamu alaikum. Tambayata ga likitocin yara ce da mutanen lab. A ɗauka jariri ne ɗan kwana 12, nauyinsa kilo 3, an haife shi lafiya, an koma gida har an yi suna. Sai aka dawo da shi ya daina kama nono, zafin jiki 38.4, sai yawan barci, in an taɓa shi kuma ya saki wani siririn kuka. Wuya bai sanƙare ba, maɗiga ba ta kumbura ba. An ce sefsis ne, wato ƙwayar cuta ta shiga jini, an fara magungunan kashe ƙwayoyin cuta, amfisilin da jentamaisin.

Shin tunda babu alamar sanƙarau a fili, ana iya barin ɗibar ruwan baya, wato ruwan da ke kewaye da laka da ƙwaƙwalwa? Idan sakamakon jini ya dawo ba a ga ƙwayar cuta ba, hakan ya wanke ƙwaƙwalwa? Idan kuma sanƙarau ɗin ne, me ke canjawa a maganin?

Likitan Yara:

Wa alaikumus salam, Sista. A ɗebi ruwan. Duk jaririn da sefsis ya kama bayan awa 72 da haihuwa, ruwan baya yana cikin gwajinsa na farko tare da jini da fitsari, sai dai in akwai dalilin da ya hana a lokacin.

Alamomin da kike jira na manyan yara ne. Sanƙarewar wuya ba ta kai ga ɗaya cikin jarirai huɗu masu sanƙarau ba, kumburin maɗiga ma wajen haka ne, kuma yakan zo a makare. Ƙasusuwan kan jariri ba su haɗe ba, kan yana buɗawa ya ba kumburi wuri, shi ya sa alama take jinkiri. Abin da ake gani shi ne irin wanda kika lissafa, sai ɗaukewar numfashi, sanyin jiki ƙasa da 35.5 maimakon zazzaɓi, amai, da jijjiga wadda ba ta yi kama da jijjiga ba: ƙafewar ido, tsotsar leɓe ba nono a baki, motsa ƙafafu kamar mai tuƙa keke.

Jini kuma ba ya wanke ƙwaƙwalwa. A binciken da aka yi a ɗakunan jarirai na Amurka, kusan ɗaya cikin uku na jariran da aka tabbatar da sanƙarau a ruwan bayansu ba a sami komai a jininsu ba. Wanda ya dogara da jini kaɗai zai sallami irin waɗannan bayan kwana 7 ko 10, cutar ta lafa ba ta mutu ba, a dawo da su da kai ya fara tara ruwa.

Kada kuma a haɗa wannan da sanƙarau na lokacin zafi da muka sani. Wancan galibi ƙwayar cutar meningokokus ce ke kawo shi. Na jariri daga jini yake haurawa, ƙwayoyinsa su ne Streptococcus rukunin B, E. coli, Klebsiella, Staphylococcus aureus, wani lokaci Listeria. A bakwainin da ya daɗe a kwalba da kanula a jiki, sai a ƙara da Enterobacter, Serratia, Acinetobacter da Candida.

Yadda ake ɗibar:

A auna sukarin jini kafin a fara, domin da shi za a kwatanta na ruwan, kuma wahalar sukan allura tana ɗaga shi. A ɗiga masa ruwan sukari mai kashi 24 cikin ɗari a harshe minti biyu kafin suka, yana rage zafi. Mai riƙo ya lanƙwasa cinyoyi zuwa ciki amma ya bar wuya a miƙe. Nan ne aka fi yin kuskure: a dunƙule jariri har haɓa ta taɓa ƙirji, hanyar iska ta toshe, ya yi shuɗi. A bar na'urar auna iskar jini a ƙafarsa har a gama. Ana iya kwantar da shi a gefe ko a zaunar da shi. Binciken NeoCLEAR da aka yi a Birtaniya kan jarirai sama da dubu ya nuna zaunarwa ta fi ba da nasara a sukan farko, idan jaririn zai iya jure ta.

A ja layi tsakanin saman ƙasusuwan ƙugu biyu, a shiga ta gurbin L4 da L5, wato tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar na ƙasan gadon baya. Kada a haura sama da L3 da L4, domin lakar jariri tana saukowa ƙasa fiye da ta babba. A goge fata, a jira ta bushe. Allura mai lamba 22 zuwa 25 mai sanda a cikinta, a nufi cibiya. Zurfin kaɗan ne: a ninka nauyi sau biyu a ƙara 7, abin da ya fito shi ne milimita. Ɗan kilo 3 ke nan milimita 13. Sau da yawa ba a jin alamar hudawar da ake ji a babba, don haka a riƙa zare sandar ana dubawa bayan kowane ɗan turi. Wanda ya zarce ya soki jijiyoyin jini da ke bangon gaba, ruwa ya fito da jini. Allurar da ba ta da sanda tana iya tura guntun fata ciki ya zama ƙari bayan shekaru. Ɗigo 8 zuwa 10 a kowace kwalba, kwalba uku, kuma ba a zuƙowa da sirinji.

Ana ɗaga ɗibar zuwa wani lokaci idan jariri yana cikin mawuyacin halin numfashi ko jininsa ya faɗi, idan filatilet, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, sun yi ƙasa da 50,000 ko yana zubar jini, idan fatar wurin ta kamu, ko akwai tawaya a ƙashin bayan. Ɗagawa ce kawai, kuma magani ba ya jiran allura.

Ma'aikacin Lab:

Likita ya gama da ɗiba, bari in ɗora daga inda kwalba ta bar hannunku, don nan ma ana asarar sakamako da yawa.

Ruwan ya iso lab cikin minti 30, a hannun mutum, ba a bar shi kan tire ana jiran masinja ba. Fararen ƙwayoyin jini suna fashewa a cikin kwalba: bayan awa ɗaya kusan kashi ɗaya cikin uku na nutirofil, wani nau'i daga cikinsu, sun tafi, bayan awa biyu kusan rabi. Ruwan da ke da 30 zai iya komawa 15, a rubuta lafiya lau. Kada a sa kwalbar kalca, wato gwajin rainon ƙwayar cuta har ta tsiro a gane ta, a firij. Idan wurin gwajin yana da nisa, a nemi kwalbar Trans-Isolate irin wadda masu sa ido kan annobar sanƙarau ke amfani da ita.

Kwalba ta farko ta furotin da sukari ce, ta biyu ta kalca da rinin Gram da ake sa wa ƙwayar cuta don a gan ta a madubin lab, ta uku ta ƙirga ƙwayoyin jini ce domin ita ce mafi ƙarancin jinin suka. Idan ɗigo kaɗan aka samu, kalca da Gram ne a gaba.

Ma'aunin jariri daban yake da na babba. Fararen ƙwayoyi sama da 20 a kowane maikurolita abin zargi ne. Furotin sama da mg 150 a desilita ma haka, kodayake na bakwaini yakan ɗan haura ba tare da cuta ba. Sukarin ruwa idan ya gaza rabin na jini, ko ya sauka ƙasa da mg 30 a cikakken jariri, a damu. Amma duk waɗannan suna iya fitowa daidai a farkon cuta kuma kalca ta tsiro, don haka ba lamba ɗaya ce ke yanke hukunci ba. Launin ɗorawa kaɗai ba hujja ba ne a jaririn da ke da shawara.

Idan ruwa ya gauraya da jini, lissafin nan na cire farar ƙwaya ɗaya ga kowace ja 500 ba abin dogaro ba ne a jarirai, yana ɓoye masu cutar. A aiko shi a haka, kalca ba ta damu da jini ba.

A rubuta a takarda ko an riga an ba da magani, da wane, da ƙarfe nawa. Streptococcus rukunin B yakan ɓace daga ruwan cikin awa 8 da fara magani, su E. coli da Klebsiella kuwa sukan kai kwana biyu ko uku. Ƙirga da furotin da sukari ba sa gyaruwa da wuri haka, saboda haka ruwan da aka ɗiba a rana ta biyu ko ta uku yana da amfani.

Abu ɗaya ga abokan aikina: ƙwayoyin cuta masu siffar 'yan sanduna masu kama rinin Gram a ruwan bayan jariri kada a yi saurin cewa dattin fata ne. Haka Listeria take fitowa. Sannan jinin kalca ya kai ml 1. Rabin ml da ake yawan aikowa shi ke ƙara yawan sakamakon da ba ya nuna komai.

Mai Harhaɗa Magunguna:

Sista, abu uku ke canjawa: yawan magani, irinsa, da tsawon kwanaki.

Amfisilin na sefsis a littafin aljihu na Hukumar Lafiya ta Duniya mg 50 ne ga kowane kilo, duk awa 8 bayan makon farko. Na sanƙarau a ƙa'idar likitocin yara na Amurka mg 300 ne ga kilo a yini: mg 100 duk awa 8 a makon farko, mg 75 duk awa 6 bayan haka. Ninki biyu ke nan, saboda kaɗan ne daga abin da ke jini yake ƙetarawa cikin ruwan ƙwaƙwalwa. Ɗan kilo 3 mai kwana 12 zai sami mg 225 sau huɗu. Idan aka narka kwalbar mg 500 ta zama ml 5, ml 2.25 za a ja. A yi amfani da shi cikin awa ɗaya da narkawa, ba a ajiye ragowa don allurar dare.

Jentamaisin ba ya shiga ruwan ƙwaƙwalwa sosai. Yana taimaka wa amfisilin, amma ba za a bar masa E. coli ko Klebsiella shi kaɗai ba. Shi ya sa da an yi zargin sanƙarau ake ƙara sefotakzim, mg 50 ga kilo, duk awa 12 a makon farko, duk awa 6 zuwa 8 bayan haka. Kada a cire amfisilin don an sa sefotakzim kafin kalca ta fito, domin danginsa na sefalosforin ba sa taɓa Listeria ko Enterococcus.

Seftirayakzon, ɗan'uwan sefotakzim, shi ya fi samuwa, amma yana da sharaɗi biyu a ɗan ƙasa da kwana 28. Yana ture sinadarin shawara daga jikin furotin ɗin da ke riƙe da shi, ya tafi ƙwaƙwalwa, don haka ba a ba mai shawara ko bakwaini. Yana kuma daskarewa idan ya haɗu da kalsiyam, an sami mace-mace saboda ya toshe huhu da ƙoda. Ruwan Ringa da ake ƙarin ruwa da shi yana da kalsiyam, a tuna da wannan.

Idan a cikin asibiti ciwon ya kama shi, lissafi ya sauya. Binciken BARNARDS da aka buga a 2021, wanda Kano da Abuja suna cikin wuraren da aka yi shi, ya nuna yawancin ƙwayoyin nan irin su Klebsiella ba sa jin amfisilin, da yawa kuma ba sa jin jentamaisin. A irin wannan merofenem ne, mg 40 ga kilo duk awa 8. Mg 20 na sefsis ne, bai isa ƙwaƙwalwa ba. Ana ƙara bankomaisin idan ana zargin Staphylococcus mai taurin kai. Fiferasilin da tazobaktam yana aiki a jini amma ba a dogara da shi a sanƙarau.

Wajen haɗa jentamaisin: kwalbar mg 80 a ml 2 ta yi kauri ga jariri, ɗan kuskuren jan sirinji ya zama babba. A ƙara mata ml 6 na ruwan allura ta koma mg 10 a kowane ml. Kada a haɗa shi da amfisilin a sirinji ɗaya, amfisilin yana kashe masa ƙarfi. A wanke kanula tsakaninsu.

Kwanaki: Streptococcus rukunin B aƙalla 14. Listeria 14 zuwa 21. E. coli, Klebsiella da danginsu aƙalla 21, ko 14 daga ranar da ruwan ya fara fitowa ba ƙwaya, duk wanda ya fi tsawo. Duka ta jijiya. Babu komawa sirof a tsakiya don jariri ya fara shan nono.

Sistar Ɗakin Jarirai:

Allah Ya saka da alheri, na fahimta. Saura biyu. Idan wuri ne da babu mai iya ɗibar, ko lab ba ya kalca, yaya za a yi? Sannan iyaye da yawa suna ƙi, suna cewa allurar baya tana gurgunta yaro.

Likitan Yara:

Idan ba za a iya ɗiba ba, a ba da allurar farko nan take a tura shi inda za a iya, a ɗaure shi a ƙirjin uwa fata da fata saboda sanyi, a rubuta lokacin da aka ba da maganin. Idan turawar ma ba ta yiwuwa kuma akwai jijjiga, kumburin maɗiga, ɗaukewar numfashi ko nauyin barci, a ɗauke shi a matsayin mai sanƙarau: cikakken awon magani, kwana 21. Yin awon sefsis na kwana 10 da fatan alheri shi ne mafi munin zaɓi.

Ina da ƙari kan jentamaisin. Littafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce mako uku, amma a ganina inda ba a iya auna yawansa a jini, kuma akwai sefotakzim ko merofenem da ƙwayar ke ji, gara a tsayar da shi da zarar ruwan ya tsarkaka. Sanƙarau da kansa yana cin ji, bai kamata a ƙara masa da maganin da ke taɓa kunne da ƙoda ba. A lura da fitsari kullum.

Sauran kulawar ita ke raba wanda zai tashi lafiya da wanda ba zai tashi ba. In ya yi jijjiga, sukari za a fara aunawa. Idan ya yi ƙasa, ml 2 ga kilo na gulukos mai kashi 10. Sai fenobabiton mg 20 ga kilo a hankali cikin minti 15 zuwa 20. Idan ba ta tsaya ba a ƙara mg 10 ga kilo, kada jimla ta wuce 40, jakar taimakon numfashi tana kusa. Daga nan mg 5 ga kilo a yini. A auna sodiyam, domin cutar tana sa jiki ya riƙe ruwa gishiri ya faɗi, wannan ma yana kawo jijjiga. Ba a rage ruwa haka kawai sai an ga hakan. Dekzametazon da ake ba manyan yara ba a tabbatar da amfaninsa a jarirai ba, a bar shi. Zuba jentamaisin kai tsaye cikin ɗakunan ruwan ƙwaƙwalwa an gwada shi, rahoton 1980 ya nuna mutuwa ta ƙaru, aka daina.

A sake ɗibar ruwa bayan awa 48 zuwa 72 idan ƙwayar irin su E. coli ce, ko jariri bai gyaru ba. Idan har yanzu tana tsirowa, ko dai maganin bai dace ba, ko cutar ta shiga ɗakunan ruwan ƙwaƙwalwa, ko ƙurji ya taru. Citrobacter koseri, Serratia da Cronobacter sun shahara da ƙurji, ita ta ƙarshen ana danganta ta da madarar gari. A irin wannan magani yakan kai mako 4 zuwa 6 ko fiye. Idan kalca ba ta nuna komai ba, ga jijjiga, ga ƙuraje masu ruwa a fata ko hanta ta taɓu, a tuna da hafis, wato cutar bairos ta herpes, a fara asikilobiya mg 20 ga kilo duk awa 8.

Sista, tef ɗin awo aikinku ne kuma ya fi na'urori da yawa amfani. A auna zagayen kai ranar kwanciya, sannan kullum, a wuri ɗaya: saman gira zuwa tudun ƙeya. Cikakken jariri yana ƙara kimanin rabin santimita a mako. Wanda ya ƙara santimita 2 a mako, ko gaɓoɓin ƙashin kai suka buɗe, ko idanu suka riƙa kallon ƙasa, ruwa ne ke taruwa. A yi sikanin kai ta maɗiga a farkon jinya, a maimaita kafin a tsayar da magani.

Ungozoma:

Kan iyaye, Sista, tsoron nasu yana da tushe. Sun ga yaran da aka yi wa allurar baya suka tashi da nakasa, ba wanda ya zaunar da su ya ce cutar ce ta yi, ba allurar ba. A faɗa musu tun kafin a ɗiba, ba bayan matsala ta fito ba. A nuna musu a bayan jaririn inda laka ta ƙare da inda allura za ta shiga, a ce abin da za a ɗiba bai cika ƙaramin cokali ba kuma jiki yana mayar da shi cikin 'yan awanni. A kira uban da kakar, domin mai jego ita kaɗai ba kasafai take yanke wannan shawara ba. A kuma gaya musu maganar mako uku da kuɗinta tun ranar farko, don a rana ta biyar jariri zai kama nono, dangi su ce ya warke a tafi gida.

Wajen tambaya kuma a bincika ta inda cutar ta shiga. Me aka sa wa cibiya? Gashi da tsumma, man goge baki, toka, man zafi, duk ƙofa ce. An cire belu? An yi tsaga ko kaciya, da wace aska? Faya ta fashe tun yaushe kafin haihuwa, uwar ta yi zazzaɓi? Abin da ya dace da cibiya shi ne man kulohekzidin mai kashi 4, sau ɗaya a yini har kwana bakwai, kuma kada ya kusanci ido.

A duba baki ma. Jaririn da ya sha nono lafiya kwana biyun farko, sannan baki ya ƙi buɗuwa, jiki yana sandarewa in an taɓa shi ko an yi ƙara alhali idonsa biyu, a yi tunanin sarƙewar haƙora, maganinsa daban ne.

Likitan Yara:

Hajiya ungozoma ta tuna min da takardar sallama. Ko a ƙasashe masu kayan aiki kusan ɗaya cikin goma na waɗannan jarirai suna rasuwa, a ƙasashe irin namu adadin ya ninka haka sau da yawa, kuma cikin waɗanda suka rayu kaso mai yawa suna tashi da matsalar ji, gani, farfaɗiya, sandarewar gaɓoɓi ko jinkirin koyo. Don haka a rubuta gwajin ji na na'ura, wanda ke auna saƙon jijiyar kunne zuwa ƙwaƙwalwa, kafin sallama ko cikin mako huɗu. Tafa hannu a bayan kunne ba gwaji ba ne. Sanƙarau yana iya sa sashen kunne na can ciki ya koma ƙashi cikin 'yan watanni, shi ya sa ba a jinkirta shi. A rubuta zagayen kai na ranar sallama a katin rigakafi domin duk wanda ya gan shi a awo ya sami abin kwatantawa, a ba da ranar dawowa bayan mako biyu, sannan a ci gaba da duba girmansa aƙalla har ya shekara biyu.